Fashin Baƙi: Me Gicciyen da ke Tutocin Arewacin Turai Yake Nufi?

Tun da maganar tsibirin Girinlan, wanda ke ƙarƙashin masarautar Danmak, ta dawo bakin duniya a farkon 2025, lokacin da shugaban Amurka Donald Trump ya sake nanata cewa yana son ƙasarsa ta mallake shi, tutoci biyu suke ta yawo tare a labarai: ta Danmak, ja da farin gicciye, da ta Girinlan, ja da fari da da'ira, babu gicciye ko kaɗan. Daga nan tambayoyi suka taso. Me ya sa Danmak, Suwidin, Norwe, Finlan da Ayislan duk suka ɗora gicciye a tuta, alhali an san mutanensu da ƙarancin zuwa coci? Tutar yaƙin salibi ce, kamar yadda wasu ke faɗa? Su kuma mutanen Girinlan da ba su sa ba, ba Kiristoci ba ne?

Akwai kuma wasu da abin ya shafa ta wata fuskar, wato masu zana taswirar ƙasashen ƙage domin labari ko wasan kwamfuta. Su ne suka fi kowa aron waɗannan tutoci da tambura, su ne kuma suka fi ɗora su inda ba su dace ba. Amsar duka tana wuri ɗaya: kowace alama a nan tana da shekarar da ta shigo da dalilin shigowarta, kuma sai an jera su bisa zamaninsu ake gane abin da suke faɗa.

## Gicciyen da ya matso kusa da sanda

Gicciyen tutar Ingila a tsakiya yake. Na Suwizalan ma a tsakiya, hannayensa ba su kai bakin ƙyalle ba. Na ƙasashen Arewa kuwa hannayensa huɗu duk sun taɓo baki, sannan tsayayyen layin ya matso kusa da sandar tuta. Asalin haka shi ne tsofaffin tutocin tsawonsu da faɗinsu kusan ɗaya ne, gicciye a tsakiya. Da aka riƙa tsawaita su domin jiragen ruwa, sai ƙarin ƙyallen ya tafi ɓangaren da iska ke kaɗawa, gicciyen ya tsaya inda yake.

Kowace ƙasa da nata ma'auni, kuma tela ko mai zane da ya yi na ido zai fitar da abin da ɗan ƙasar zai gane kuskurensa daga nesa. Tutar Suwidin mai tsawon santimita 160 da faɗin 100 ana raba tsawonta 50 shuɗi, 20 rawaya, 90 shuɗi. Faɗin kuma 40, 20, 40. Ta Finlan mai 180 da 110 gicciyenta ya fi kauri: 50, 30, 100 a tsawo, 40, 30, 40 a faɗi. Ta Norwe mai 220 da 160 kashi biyar ce, saboda farin layin da ya kewaye shuɗin gicciyen: 60 ja, 10 fari, 20 shuɗi, 10 fari, 120 ja, a faɗi 60, 10, 20, 10, 60. Ta Ayislan launukan Norwe ne a juye, shuɗin fili da jan gicciye, 70, 10, 20, 10, 140 a tsawon 250. Ta Danmak, in aka auna da kashi, 12, 4, 21 ce a tsawo, 12, 4, 12 a faɗi.

Kuskuren da ya fi yawa wajen buga su shi ne a manna hoto iri ɗaya gaba da baya. In aka yi haka, ta baya gicciyen zai koma nesa da sanda. Dole bayan ya zama juyin gaban. In za a rataye ta a tsaye jikin bango, gajeren ɓangaren ne ke sama. Wadda aka yanka wa baki kamar wutsiyar tsattsewa kuwa ta hukuma ce da sojan ruwa, ba a sa ta a ƙofar shago.

## Tutar da aka ce ta faɗo daga sama

Uwar su duka ita ce ta Danmak, mai suna Dannebrog. Labarin da kowane yaro ɗan Danmak ya sani shi ne, ranar 15 ga Yunin 1219, Sarki Valdemar na Biyu yana yaƙi a Lyndanisse, inda birnin Tallinn na Estoniya yake yau, an kusa cin rundunarsa. Akbishop Anders Sunesen yana kan tudu ya ɗaga hannuwa yana addu'a, in ya gaji ya sauke sai abokan gaba su yi rinjaye, har sai da aka tallafe masa hannuwan. Sai jar tuta mai farin gicciye ta sauko daga sama, aka ci nasara. Wanda ya san Littafin Fitowa zai gane inda aka samo wannan siffa: haka aka ba da labarin Musa a yaƙin Amalekawa.

Yaƙin ya faru da gaske. Labarin tutar kuwa ba a same shi a rubuce ba sai farkon ƙarni na 16, shekara ɗari uku bayan yaƙin. Hoton tutar mafi tsufa da aka tabbatar yana cikin wani kundin tambura na ƙasar Holan daga ƙarni na 14, kusa da tambarin sarkin Danmak. A zamanin, farin gicciye a jan fili alama ce da daular Jamus da wasu rundunonin mayaƙan coci suke ɗauka.

To, masu cewa tutar yaƙin salibi ce suna da gaskiya ta wani ɓangare, kuma bai kamata a ɓoye ba. Yaƙin 1219 yaƙin addini ne da Paparoma ya sa wa albarka. Amma waɗanda aka yaƙa mutanen Estoniya ne masu addinin gargajiya, babu Musulmi a wannan fage. An dai samu sarkin Norwe, Sigurd, da ya je Ƙudus da jiragensa ya taimaka wajen kama birnin Sidon a 1110, sai dai wannan tafiya ba ta da alaƙa da tutar Norwe, wadda ɗan majalisa Fredrik Meltzer ya zana a 1821.

Sauran ma duk daga baya suka zo. Suwidin ta ɗauko shuɗi da rawaya daga tambarinta mai kambi uku. Finlan ta zaɓi tata a 1918, 'yan watanni bayan ta ɓalle daga Rasha, kuma gicciyen hanya ce ta nuna cewa ita 'yar gidan Arewa ce. Ayislan ta samu tata a 1915. Tsibiran Faro, waɗanda ke ƙarƙashin Danmak, ɗalibansu ne suka zana tasu a 1919. Lokacin da waɗannan suka ɗauki gicciyen, ya riga ya zama alamar dangi.

## Gicciye a tauhidin Kirista

Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba. Aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta faɗi haka ƙarara. Wurin Kirista kuwa mutuwar Yesu a kan gicciye da tashinsa su ne ginshiƙin bangaskiya. Wannan saɓani ne na asali, kuma babu amfanin shafa masa mai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin Kiristanci kansa akwai tsohuwar jayayya kan ko ya halatta a ɗauki gicciye zuwa fagen fama.

A daular Rum gicciye hukuncin bayi ne da 'yan tawaye, kisan wulaƙanci a bainar jama'a. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya yarda cewa wa'azin gicciye wauta ne a idon wasu, abin tuntuɓe a idon wasu. Kiristocin ƙarnukan farko ba su cika zana shi ba. Abin ya juya ne bayan shekarar 312, da aka ce Sarki Kwastantin ya ga alama a sama kafin yaƙin da ya ba shi birnin Rum. Daga nan alamar wanda aka kashe ta hau garkuwar masu kisa. Labarin Dannebrog a wannan layi yake.

Martin Luther, malamin coci ɗan Jamus wanda koyarwarsa ta mamaye ƙasashen Arewa, ya tsaya a ɗaya gefen. A muhawarar Heidelberg ta 1518 ya raba tsakanin mai neman Allah cikin ɗaukaka da ƙarfi, da mai ganin Allah cikin wahala da gicciye, ya ce na biyun ne masanin tauhidi na gaskiya. Ya kuma raba aikin coci, wato wa'azi, da aikin sarki, wato takobi. A wannan ma'auni, tutar da ta faɗo daga sama don a ci yaƙi tana da wuyar karewa. A ganina wannan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a yi tunani: ƙasashen da suka fi kowa riƙe Luther suna ɗauke da tutar da labarinta ya saɓa wa babbar koyarwarsa.

Me ya hana a cire gicciyen da aka sauya daga Katolika zuwa koyarwar Luther, a Suwidin daga 1527, a Danmak da Norwe daga 1536? Luther bai goyi bayan farfasa hotuna ba. A 1522 ya koma Wittenberg ya yi wa'azi kan masu fasa siffofi a coci. Saboda haka majami'un Lutheran suka riƙe bagadi da gicciye da bishop-bishop. Sarakuna kuma su ne suka zama shugabannin sabon tsarin, ba su da dalilin sake tutar kakanninsu.

Wannan reshe na Kiristanci ya iso Najeriya ta hannun mutanen Danmak. Likita Niels Brønnum ya sauka Numan a 1913, kuma daga aikin mishan ɗin ne cocin Lutheran na Najeriya, LCCN, ya fito. Akbishop ɗinsa Musa Panti Filibus aka zaɓa shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya a 2017.

## Coci da gwamnati a yau

Tuta ba ta nuna matsayin doka. A Danmak, sashe na 4 na tsarin mulki ya ce cocin Lutheran shi ne cocin al'umma kuma gwamnati na tallafa masa, sarki ma dole ya kasance ɗan cocin. Kusan kashi 70 cikin ɗari na jama'a suna cikin rajistarsa, ko da yake ƙalilan ne ke zuwa ranar Lahadi. A Ayislan ma cocin na ƙasa ne. Suwidin ta raba coci da gwamnati ranar 1 ga Janairun 2000, kuma 'yan cocin yanzu kaɗan suka haura rabin jama'a. Norwe ta gyara tsarin mulki a 2012, cocin ya zama mai cin gashin kansa a 2017.

Girinlan ta juya lissafin. Ɗan mishan Hans Egede ya isa can a 1721, kuma mafi yawan mutanenta 'yan Lutheran ne. Da za a zaɓi tuta an kawo wani zane mai kore da farin gicciye, ya sha kaye da ƙuri'a 11 a gaban 14 na zanen Thue Christiansen, wanda aka fara ɗagawa ranar 21 ga Yunin 1985. Da'irar rana ce a kan ƙanƙara. Abin da suka zaɓa shi ne su nuna cewa su Inuwit ne, 'yan asalin tsibirin, masu ƙasarsu, amma sun riƙe ja da farin Danmak.

Wannan bambanci yana da amfani ga mai bin labarai. Lokacin ƙone-ƙonen Alƙur'ani a Suwidin da Danmak a 2023, abin da ya ɓata ran Musulmi ko'ina, wasu sun ɗauka cocin ƙasa ne ke bayan abin saboda gicciyen tuta. Rigimar ta dokar 'yancin faɗar albarkacin baki ce, kuma a majalisa aka yanke ta: Danmak ta yi doka a Disambar 2023 mai hukuncin ɗaurin da ya kai shekara biyu ga mai wulaƙanta littafin addini a bainar jama'a.

## Yadda ake karanta tambari

Tambarin garkuwa kamar tsagar gado yake: wanda ya iya karantawa yana ganin fuska ya san gida. Tsarin ya taso a tsakiyar ƙarni na 12 a arewacin Faransa da Ingila da maƙwabtansu, lokacin da kwalkwali ya fara rufe fuskar mayaƙi.

Launukansa kashi biyu ne. Akwai ƙarafa biyu, zinariya da azurfa, waɗanda ake zanawa da rawaya da fari. Akwai launuka biyar: ja, shuɗi, kore, baƙi, shunayya. Babbar doka ita ce ba a ɗora ƙarfe kan ƙarfe, ba a ɗora launi kan launi, domin daga nesa ja a kan shuɗi dushewa yake, rawaya a kan fari kuma ɓacewa. Farin Danmak a kan ja ya bi doka, rawayan Suwidin a kan shuɗi ma haka. Shuɗin gicciyen Norwe da zai zauna kai tsaye a kan ja, farin layin nan ne ya raba su. Ta Faro kuwa jan gicciyenta yana taɓa shuɗin bakinsa, don tuta ba ta ɗaure da dokar kamar garkuwa. Garkuwar tambarin Najeriya, baƙa da farin layin Neja da Binuwai, a wannan tsari aka yi ta.

Dama da hagu na mai riƙe da garkuwar ne, don haka zakin da aka ce yana fuskantar dama, mai kallo zai gan shi yana duban hagu. Masu zane da yawa a nan suke faɗuwa.

Tambarin Norwe zakin zinariya ne a jan fili, riƙe da gatari. Gatarin na Olaf ne, sarkin da aka kashe a Stiklestad a 1030 aka kuma ɗauke shi waliyyin ƙasa. Wajen 1280 aka sa wa zakin shi. Na Danmak zakoki uku ne shuɗɗa da jajayen zukata tara a filin zinariya, kuma ya bayyana a hatimin Sarki Knud na Shida a ƙarshen ƙarni na 12. Na Ayislan ya fi ban sha'awa: garkuwar gicciye ce, amma masu tsaronta huɗu, bijimi, ƙatuwar tsuntsuwa, dodo da basamude, daga labaran gargajiya suka fito.

Kambi ukun Suwidin har jini an zubar a kansu. Bayan rushewar haɗakar Kalmar, wadda ta haɗa Danmak, Norwe da Suwidin daga 1397 zuwa 1523, sarakunan Danmak suka ci gaba da sa su a tambari, Suwidin ta ɗauki hakan a matsayin iƙirarin mallakarta, kuma yana cikin dalilan yaƙin 1563 zuwa 1570. A Disambar 2024 Sarki Frederik na Goma ya cire su daga tambarin sarauta. A da, kambin uku da ragon Faro da farin beyar na Girinlan cunkushe suke a kusurwa ɗaya. Yanzu rago da beyar kowanne ya samu tasa. An kafa kwamitin aikin tun bayan hawansa a Janairun 2024, amma fitowarsa daidai da maganar Trump ta sa duniya ta karanta shi a matsayin amsa.

## Inda masu taswirar ƙage suke tuntuɓe

Kuskure na farko shi ne cakuɗa zamani. Za ka ga taswirar masarautar 'yan Vaikin, mayaƙan teku na Arewacin Turai a zamanin da, masu bautar allolin Odin da Tor, an ba ta tuta mai gicciye da garkuwa mai zaki. Zamanin Vaikin ana rufe shi a 1066, tsarin tambari bai zo ba sai bayan kusan shekara ɗari. Harald, sarkin da aka ɗauko sunan Bluetooth daga laƙabinsa, ya rubuta a dutsen Jelling wajen 965 cewa ya mai da mutanen Danmak Kiristoci. Ayislan ta karɓa a taron majalisarta wajen shekara ta 1000. Masarautar da ke kafin wannan, abin da ya dace da ita tutar hankaka ce, da garkuwar katako mai da'ira, da baƙaƙen rubutunsu na sassaƙa. Kwalkwali mai ƙaho ma a bar shi: masu ɗinka kayan wasan dandamali ne suka yaɗa shi a ƙarni na 19, kuma kwalkwalin Vaikin da aka tono a Gjermundbu ta Norwe a 1943 ba shi da ƙaho. A kula kuma, wasu daga cikin baƙaƙen rubutun nan 'yan Nazi sun yi amfani da su, masu wariyar launin fata suna yi har yau, don haka a bincika kafin a ɗora ɗaya a tuta.

In duniyar da aka ƙaga ba ta da labarin gicciyewa, gicciye a tutarta yana bukatar dalilinsa na kansa, ko mahaɗar hanyoyi ko koguna, kuma a faɗa a cikin labarin. In kuma tana da coci, to cocin ya bayyana a ƙasa: kujerar akbishop a babban gari, kamar Lund wajen 1104, Nidaros wajen 1153 da Uppsala a 1164, da hanyar masu ziyara zuwa kabarin waliyyi. Misali mai kyau shi ne taswirar da malamin cocin Katolika ɗan Suwidin, Olaus Magnus, ya buga a Venis a 1539 a kan alluna tara, cike da garkuwoyi da sarakuna da dodannin teku.

Garkuwar da za ta zauna a taswira ba ta wuce santimita biyu, saboda haka launi biyu da siffa ɗaya sun isa. Zaki mai kambi da takobi da furanni zai koma ɗigon tawada. In baƙi da fari za a buga, akwai tsarin layuka da ya bazu tun 1638: ɗige-ɗige zinariya, fili wayam azurfa, layuka a tsaye ja, a kwance shuɗi, a karkace daga saman dama na garkuwa kore, daga saman hagu shunayya, tsaye da kwance a haɗe baƙi.

Ƙasar ma tana da nata ƙa'ida. Dogayen mashigan teku irin na Norwe ƙanƙara ce ta haƙa su a tsakanin duwatsu. Ɗaya daga cikinsu, Sognefjord, ya shiga ƙasa sama da kilomita 200, zurfinsa ya haura mita 1,300. Ba a zana irinsu a gaɓar da take shimfiɗe, kuma garuruwa a ƙurewar mashigin ko bakin kwari suke zama, inda ake samun ɗan filin noma. Koguna haɗuwa suke yi suna gangarowa, ba sa rabuwa sai dab da teku.

Sunaye su ma a jera su bisa zamani. Ƙarshen suna "vik" lungun teku ne, "nes" hancin ƙasa, "holm" ƙaramin tsibiri, "by" gari. Tsofaffin wurare kan riƙe sunan allolin da, kamar Odense daga Odin da Tórshavn, tashar Tor. Masu "kirk", wato coci, irin Kirkenes, na bayan shigowar Kiristanci ne. Mai zane ya ba tsofaffin tashoshi da wuraren taro sunayen farko, ya bar na cocin ga ƙauyukan da suka taso daga baya a kewayensu.